Wa Ke Tashin Ƙaramar Kwamfuta Daga Barci?

Da bazarar bara na je gida Kajiji da wata 'yar na'ura a aljihun gaban riga. Faɗinta bai wuce na katin ATM ba. Ba murfi, ba sikirin, ba madannai. Koren fanel ne tsirara, da 'yan aisi, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, a kansa da ramukan jona waya a gefe. Raspberry Pi 3 ce. Tun a Sakkwato na loda mata Wikipedia ta Hausa da wasu littattafan sakandare, da niyyar in bar ta a shagon cajin waya na yayana, nan bakin titin da ya taso daga Boɗinga ya bi ta Shagari ya nufi Tambuwal, ta riƙa watsa Wi-Fi yaran unguwa suna karatu da wayoyin gidajensu ba sai sun sayi data ba. A ɗakina na Sakkwato ta yi aiki lafiya lau. Cajarta kawai na manta a can.

Yaya ya ce wannan ba abin damuwa ba ne, mai shagon caji ai ba a yi masa gorin caja. Ya zaro ɗaya daga tulin da ke kan tebur, muka jona, muka haɗa ta da ƙaramin talabijin ɗinsa. Jar fitila ta kama tana ɗauke-ɗauke. Sikirin ya kawo wasu launuka kamar bakan gizo, ya ɗauke, ya sake kawowa, ya sake ɗaukewa. Haka muka yi ta yi har aka kira la'asar.

Baffanmu yana kan benci da carbinsa yana kallonmu. Ya ce, "Mi yaf faru, ɗana? Ta mutu?" Na ce, "A'a, Baffa, ba ta dai tashi ba." Ya ce, "To abin da bai mutu ba, bai kuma tashi ba, ai kwana yakai. Wa ka tashe ta?"

Aka yi dariya. Amma tambayar Baffa ita ce wadda injiniyoyi suka sha fama da ita tun farkon ƙera kwamfuta, kuma amsarta ce ke raba mai gyara na gaskiya da mai canza kaya har Allah ya sa a dace.

Babbar manhaja, wato irin su Linux da Android da Windows, ita ke tafiyar da komai a na'ura. Sai dai ita kanta kwance take a cikin memori, tarin fayiloli ce kamar kowane fayil. Furosesa kuwa, a daidai lokacin da wuta ta shige shi, bai san komai ba. Ram ɗinsa fayau take, domin ram ba ta riƙe abu da zarar wuta ta ɗauke. Kafin ya karanta memori sai da manhajar da ta iya karanta memori, ita kuma wannan manhajar tana cikin memorin. Ɗaki a kulle, makulli a ciki. Masu gyara suna kiran fita daga wannan tarko butin. A bakin sauran jama'a kuwa, na'ura ta tashi ko ta ƙi tashi.

Duk matar da ta taɓa hura wuta a murhu ta san maganin. Ba a ƙyasta ashana a kara wa gungume. Ashana ta kama yayi, yayi ya kama ƙirare, ƙirare su kama itace, sannan a tura gungume. Kowanne ƙarfinsa daidai kama na gaba da shi ne kawai. Haka kwamfuta ke tashi, babba da ƙarama. Abin da ya bambanta su shi ne inda aka ajiye ashanar da inda take neman yayin.

Ashanar wata 'yar manhaja ce da aka gina a jikin aisin tun a masana'anta. Ba ta goguwa, ba ta canzuwa, ko an kashe na'urar shekara goma tana nan. Ana ce mata rom ɗin tashi. Iliminta kaɗan ne ƙwarai: ta san wurare biyu ko uku da za ta leƙa, ta ɗauko abin da ta samu a can, ta miƙa masa ragama. Ko babbar ram da ke kan fanel ba ta iya amfani da ita ba, domin ram ba ta aiki don kawai an ba ta wuta; sai an saita mata saurin bugawa da lokutan jira, kuma wannan saitin ya danganta da irin ram ɗin da mai fanel ya saya ya liƙa, abin da mai ƙera aisi ba shi da hanyar sani tun da wuri. Don haka mataki na biyu dole ya zama siriri, ya shige cikin wani ɗan lungun ajiya da ke cikin aisin kansa. A tsofaffin aisin kamfanin Allwinner wannan mataki bai wuce kilobayit 32 ba. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Babban aikinsa guda ne: ya ta da ram, ya buɗe fili ga na bayansa.

Raspberry Pi tana da wata al'ada tata da ke ba masu koyo mamaki. An fitar da ta farko ranar 29 ga Fabrairu, 2012, daga Kambirij ta Ingila, a kan dala 35, da nufin yara su sami kwamfutar da za su yi wasa da ita ba tare da tsoron ɓatawa ba. Eben Upton, jagoran aikin, ma'aikacin kamfanin Broadcom ne a lokacin, kuma aisin da aka ɗauko daga can an ƙera shi ne musamman don hoto da bidiyo. Shi ya sa a cikinsa ɓangaren zane, mai suna VideoCore, shi ne mai gida. Furosesan ARM da Linux za ta zauna a kansa shi ne na ƙarshen farkawa. Idan wuta ta zo, VideoCore ne ke karanta rom, ya leƙa katin memori, ya nemi ɓangaren farko mai tsarin FAT, irin tsarin da kowace waya da kowace rediyon mota ke ganewa, ya ɗauko fayil mai suna bootcode.bin. Wannan ya ta da ram, ya kira start.elf. Shi kuma start.elf ya karanta config.txt, ya zana launukan nan na bakan gizo a sikirin don gwaji, ya ɗora kanel, wato ƙwayar Linux, a cikin ram, sannan ya saki furosesan ARM ya ce masa bismilla.

Config.txt ɗin nan na fi so a duk tsarin. Rubutu ne zalla. Ka zare kati, ka sa a kowace laftof, ka buɗe, ka gyara layi, ka mayar. Abin da mai babbar kwamfuta ke shiga shuɗin shafin BIOS ya yi, a nan da ɗan rubutu ake yinsa. Daga Raspberry Pi 4 ta 2019 aka ɗauke aikin bootcode.bin daga kati aka mayar da shi cikin wani ɗan aisi na daban a kan fanel, wanda ake iya sabunta shi. Daga nan ne tashi ta filash ko ta hanyar sadarwa ya zama abu mai sauƙi, har da zaɓen wanda za a fara dubawa.

To, a nan ne mai hankali zai fara amfana. Launukan da muka gani a talabijin ɗin Yaya shaida ce cewa ashana ta kama, yayi ya kama, ƙirare sun kama. Katin lafiyarsa lau, aisin ma haka. Abin yana mutuwa ne daidai lokacin da aka tura gungume, wato sa'ad da furosesa mai kai huɗu ya farka ya ja wuta da ƙarfi. Ga kuma jar fitila tana ɗauke-ɗauke. Ba sai an kira boka ba. Amma bari in ƙarasa zancen tukuna.

Sauran ƙananan kwamfutoci ba kamar Raspberry Pi suke tashi ba, kuma wannan shi ne babban abin da ke rikita mutane. Orange Pi da Banana Pi, waɗanda da yawansu ke ɗauke da aisin Allwinner na ƙasar Sin, rom ɗinsu ba ya neman fayil da suna ko kaɗan. Ƙirgawa yake: ya tsallake kilobayit 8 daga farkon kati, ya duba ko akwai wata alama da ya sani a wurin. In ya gani ya ɗauka, in bai gani ba ya wuce zuwa memorin cikin fanel, in nan ma babu ya zauna yana jiran a turo masa wani abu ta wayar USB. Aisin Rockchip shi kuma a kilobayit 32 yake dubawa. Wannan wurin ba ya cikin kowane folda. Ko ka buɗe katin a laftof ba za ka gan shi ba. Shi ya sa kwafe fayiloli daga wannan kati zuwa wancan ba ya ta da irin waɗannan fanel. Sai an buga hoton katin gaba ɗaya, daga bayit na farko, da manhaja irin su Etcher, kamar yadda ake buga hatimi.

Abin da rom ke samu a wurin galibi ɗan guntun U-Boot ne, wanda zai ta da ram ya jawo cikakken U-Boot. Wannan manhaja ce ta kyauta, wadda kamfanin DENX na Wolfgang Denk a Jamus ya daɗe yana riƙe da ita, kuma tun 2002 take amsa wannan suna. Mutane ƙalilan ne suka taɓa jin sunanta, alhali tana cikin na'urorin Wi-Fi da akwatunan talabijin da kyamarorin tsaro ba adadi. Tana iya karanta kati da filash da hanyar sadarwa, tana kuma ɗan dakatawa na daƙiƙa biyu ko uku ko wani zai danna maɓalli ya ba ta umarni, kafin ta ɗora kanel.

Wani zai ce, to me ya sa filash ɗaya ta Windows ko Ubuntu ke ta da HP da Dell da Lenovo duka, amma kowane ƙaramin fanel sai an nemo masa nasa hoton? Tarihi ne ya jawo. Kwamfutocin ofis duka jikokin wadda IBM ya fitar ne a 1981. Kamfanonin da suka kwaikwaye ta dole suka bi tsarinta don manhajojinta su yi aiki a nasu, sai BIOS ya zama yaren kowa, daga baya UEFI ya gaje shi. A irin wannan kwamfuta kayan ciki suna gabatar da kansu: kanel ya yi sallama, katin sauti ya amsa, katin sadarwa ya amsa, kowa ya faɗi sunansa. ARM kuwa, kamfanin da shi ma a Kambirij yake, ba ya ƙera aisi. Zanen furosesa yake sayarwa. Broadcom ya saya ya gina gidansa yadda ya ga dama, Allwinner ya gina nasa, Rockchip da Amlogic da MediaTek kowa da nasa fasalin. Ɗakin tsakiya iri ɗaya ne, amma inda aka sa ƙofa da rijiya da rumbu ya sha bamban. Kayan cikin kuma ba sa amsa sallama. Kanel da aka sauke a irin wannan gida kamar baƙo ne da mota ta ajiye a gari cikin dare.

Da can sai a rubuta kwatancen kowane fanel a cikin kanel ɗin kansa. Fanel suka yi yawa, rubutun ya zama jibgi, har a 2011 Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya fara Linux a 1991, ya fito fili ya yi wa masu kula da ɓangaren ARM faɗa kan wannan hargitsi. Mafitar da aka runguma ita ce raba kwatance da kanel. Aka koma ga abin da ake kira bishiyar na'urori: ɗan fayil mai ƙarewa da dtb, wanda ke cewa ram tana nan kuma girmanta kaza, mai karanta kati yana adireshi kaza, fitila tana kan ƙafa ta kaza. Mai ɗora kanel ya miƙa masa wannan takarda tare da ragama. A ba shi ta wani fanel daban, sai ka ga na'ura ta tashi amma ba Wi-Fi, ko ba hoto, ko ta yi tsit gaba ɗaya. Masu aikin Armbian sun shafe shekaru suna wannan wahala a madadin jama'a, suna haɗa wa kowane fanel U-Boot ɗinsa da bishiyarsa da kanel ɗin da ya dace da shi.

Dabarar bishiyar ba sabuwa ba ce. An aro ta ne daga wani tsarin tashi mai suna Open Firmware, wanda ya samo asali a kamfanin Sun. Abin sha'awa, wannan tsarin ya taɓa zuwa Nijeriya a cikin korayen laftof ɗin nan na shirin One Laptop per Child na Nicholas Negroponte, da aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a Abuja cikin 2007. An yi ta ɗaukar hotunan yara riƙe da su. Shirin bai bazu a ƙasar ba.

Daga inda kanel ya karɓi ragama, sauran tafiyar iri ɗaya ce a ko'ina, ba sai an daɗe a kanta ba. Ya warware kansa a ram, ya bi bishiya yana ta da direbobin kayan aiki, ya nemo ɓangare na biyu na katin, mai tsarin ext4, inda ainihin gidan Linux yake, ya kira manhaja ta farko mai lamba ɗaya, wadda a yau galibi systemd ce. Ita ke ta da sauran: mai watsa Wi-Fi, da Kiwix mai buɗe Wikipedia ba intanet, da duk abin da ka tsara. Duka-duka kamar rabin minti. Gargaɗi ɗaya kawai: Windows ba ta gane ext4, don haka idan ka sa katin a laftof za ta ce maka akwai ɓangaren da ke buƙatar fomatin. Kada ka yarda. Gidan ne gaba ɗaya take neman sharewa.

Mai karatu zai iya cewa shi bai taɓa ganin Raspberry Pi ba, ina ruwansa. Ai kuwa akwai irinta a aljihunsa. Wayar Tecno ko Infinix ko itel ƙaramar kwamfuta ce mai fanel guda, da furosesan ARM, yawanci cikin aisin MediaTek ko Unisoc, kuma Android a kan kanel ɗin Linux take zaune. A wayar MediaTek rom ya ta da wani ɗan mataki mai shirya ram, shi ya ta da mai nuna tambarin kamfani, shi kuma ya ɗora kanel. Idan ka ji yaran Farm Centre a Kano, ko na kowace rumfar gyara a Sakkwato, sun ce waya ta tsaya a logo, ma'anarsa matakan farko sun wuce lafiya, matsalar tana gaba. Filashin da suke yi da SP Flash Tool kuwa shiga ne ta ƙofar da matakan farkon nan ke buɗewa na ɗan lokaci idan an jona USB, a sake rubuta na bayansu. Da yawansu sun iya aikin da hannu sarai, sun haddace wane maɓalli ake dannewa kafin a jona waya. Da za a zaunar da su yini ɗaya a zana musu silsilar a allo, da wayoyin da ake kashewa da fayil ɗin da ba nasu ba sun ragu.

Na ce silsila, kuma da gangan na faɗa. A ƙasar nan tamu ba baƙon abu ba ne a tambayi mutum daga wa ya ɗauko karatunsa. Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana nan cikin ƙasar Boɗinga, kuma ƙanensa Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi don ya lissafa malaman da ya ɗauka daga gare su. Ba ina daidaita ilimin addini da ƙarfe ba ne, amma hikimar ta yi kama: ba a karɓar magana sai an san hannun da ta fito. A na'urorin da aka kulle, akwai wasu 'yan fis a cikin aisi da ake ƙonawa sau ɗaya tak, su riƙe shaidar makullin kamfani har abada. Rom ba zai miƙa ragama ga mataki na biyu ba sai ya ga sa hannun da ya dace da wannan shaida. Na biyu ya binciki na uku, na uku ya binciki kanel. Bambancin kawai, a silsilar karatu ɗalibi ne ke waiwayen malamansa, a nan kuwa na gaba ne ke tantance wanda zai gaje shi. Mutum ɗaya ya kasa kawo shaida, tafiya ta tsaya.

A wasu wuraren wannan kulle alheri ne. Na'urar POS da mutanen karkara suka koma dogaro da ita, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ba wanda zai so a ce kowane ɗan dabara yana iya ɗora mata manhajar da ya ga dama ta riƙa kwashe lambobin sirrin mutane. Haka duk na'urar da za a tantance masu zaɓe da ita, irin BVAS. Amma kullen nan dai shi ne ke mayar da lafiyayyar waya shara idan kamfani ya daina sabunta ta, domin mai ita ba shi da ikon ɗora mata wata manhajar. A ganina, abin da za a kai makarantar ƙauye ya kamata ya zama wanda malamin makarantar zai iya zare katinsa, ya sake bugawa, ya mayar. Ko ita Raspberry Pi ba a buɗe take duka ba; start.elf sirrin kamfani ne, ba a ba kowa rubutunsa ba. Sai dai ba ta hana ka ɗora abin da kake so, kuma wannan ya wadatar ga irin buƙatarmu.

Duk wannan bayani na aisi da sa hannu, a ƙasarmu ba kasafai matsala ke kaiwa can ba. Abu biyu ne ke kashe yawancin ƙananan kwamfutoci: wuta da kati. Raspberry Pi 3 tana son bolt 5 da amfiya biyu da rabi. Ta 4 tana son amfiya 3. Da zarar abin da ke isa fanel ya faɗi ƙasa da kamar bolt 4.6, jar fitila ta fara ɗaukewa. Waya ba ta damu da raunin caja ba saboda tana da batir, illa dai ta daɗe ba ta cika ba. Fanel ba shi da batir. Abin da caja ta bayar a wannan daƙiƙar da shi yake rayuwa. Sau da yawa ma ba kan cajar ne mai laifi ba, igiyar ce: doguwa, siririya, tagullar cikinta kamar gashi. Kati kuma yana lalacewa idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, abin da a wurinmu ba sai an yi addu'a ba. Ga katunan jabu da aka rubuta musu gig 64 a jiki alhali cikinsu bai kai haka ba. Za su karɓi hoto kamar gaske, sai an kwana biyu su fara cin abin da ke cikinsu. Manhajar H2testw tana tona asirinsu kafin a wahala. Akwai kuma saiti a cikin raspi-config da ke hana rubutu a kati gaba ɗaya, komai ya tsaya a ram. Ga na'urar da aikinta bayar da karatu ne kawai, wannan ya fi kowace inbata amfani. Zafi shi ne na uku, amma shi ba ya hana tashi. Idan aisi ya haura digiri 80 sai ya rage gudu da kansa, kuma a watan Afrilu na ƙasar Sakkwato, ƙarƙashin rufin kwano, ba wuya ya kai can.

Fanel ɗin ma yana faɗin ciwonsa ga mai saurare. Koriyar fitilar Raspberry Pi in ta ƙyafta sau huɗu tana maimaitawa, ba a sami start.elf ba, in sau bakwai, kanel ne babu. Wanda ya fi son ji dalla-dalla sai ya sayi 'yar wayar siriyal mai arha, ya jona igiya uku a ƙafafun fanel, ya saita gudu a 115200, ya ga kanel, da U-Boot a fanel ɗin da ke da ita, suna ba da labarin kowane taku a rubuce tun sikirin bai san ana yi ba.

A shagon Yaya dai igiya ce. Muka tono wata gajera mai kauri ta wata tsohuwar fawabank, muka haɗa da kan caja mafi nauyi a shagon. Jar fitila ta tsaya cak. Bakan gizo ya zo ya wuce, rubutu ya gangaro, kafin a idar da sallar magariba yara uku suna tsugune a bakin shago suna neman Shehu Shagari a Wikipedia, suna musu kan ko da gaske malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Baffa ya ce da an tambaye shi ai da ba a wahalar da na'ura ba.

Bayan kamar wata biyu Yaya ya kira ni. Ta sake ƙin tashi. Na ce, "Yaya, jar fitilar fa?" Ya ce tana nan daram. "Koriyar sau nawa take ƙyaftawa?" Ya yi shiru yana kallo, ya ce ko sau ɗaya. Launuka fa? Babu. To a samfurin nan mai ƙyafta fitilar ma a cikin kati yake zaune. In ba ta motsa ba sam, ashana ce ta ƙyastu ba ta sami yayi ba. Na ce ya duba ko katin yana ciki. Yana ciki. Na ce ya tambayi yaran shago. Aka yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ƙaramin cikinsu ya amsa cewa ya ara ne kwana ɗaya, ya sa a wayarsa, wayar ta ce sai an yi fomatin, ya danna to. Da ya gama ya mayar da shi inda ya ɗauka, da waƙoƙi cike, yana ganin ai bai rage komai ba.

Na buga kati biyu a Sakkwato, na naɗe su a takarda na ba direban motar Tambuwal ya sauke a Kajiji. Ɗaya yana cikin na'urar, Yaya ya bi bakin ramin da salatif baƙi har zagaye uku. Ɗayan yana cikin aljihun Baffa tare da goro, don an san ba mai kai hannu can.

Abu ɗaya ne ban gyara ba. Samfuran da suka riga Raspberry Pi 5 ta 2023 ba su da agogo mai batir. Da intanet suke sanin lokaci. In babu, sai su ɗora daga sa'ar ƙarshe da suka rubuta kafin a kashe su, in ma ba su rubuta ba su koma can baya, wani lokaci har 1 ga Janairu, 1970, inda ƙirgar Linux ta fara. Tamu tun da ta je Kajiji ba ta ga intanet ba, kuma na hana ta rubutu a kati. Kullum da safe in Yaya ya buɗe shago ya jona ta, a ranar da na buga katin take farkawa, ƙarfe tara da 'yan mintoci na dare.